Kundin aiki: sanin jiki da tsaya wa kai ga manya masu otizim

3 ga Agusta, 2024

Yau ni da abokiyar aikina mun tsayar da shawara a kan abin da wannan aiki zai yi da abin da ba zai yi ba. Zama ne na manya masu otizim, lalurar da aka fi sani da galahanga, kuma za mu riƙa haɗuwa lokaci-lokaci har ƙarshen shekara. Burinmu kowa ya gane yadda jikinsa ke karɓar sauti, haske, wari da taɓi, sannan ya iya faɗa wa likita, shugabansa a wurin aiki ko mutanen gida abin da yake buƙata, ko da baki ko a rubuce. Ba za mu koya wa kowa kallon tsabar ido ba, ba kuma za mu hana kowa jijjiga jiki ko kaɗa hannu ba. Ni ma ina da otizim, sai da na girma aka gano. Abokiyar aikina ba ta da shi. Sana'arta ita ce koya wa masu lalura dabarun tafiyar da ayyukan yau da kullum.

Mun zaɓi manya ne don su aka fi bari a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da otizim. Yaran nan girma suke yi, amma mafi yawan tanadin da ake musu a makaranta yake tsayawa. Shi kuwa batun yadda jiki ke jin abubuwa, sai a 2013 ya shiga jerin alamomin da ake dubawa a littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Alhali tun 1925 Grunya Sukhareva, likitar ƙwaƙwalwar yara a Mosko, ta rubuta yadda ƙara da wari ke damun yaran da take lura da su, Leo Kanner ma ya ambaci firgitar da ƙara ke jefa su ciki a 1943. Ke nan mutum na iya shekara talatin yana zuwa wurin likitoci ba wanda ya taɓa tambayarsa ko hasken ɗakin na cutar da shi.

17 ga Agusta

Zaman farko. Kafin kowa ya iso muka kashe dogayen ƙwayayen lantarkin da ke silin. Tsofaffin samfurinsu suna ƙiftawa sau 100 ko 120 a sakan ɗaya, gwargwadon irin wutar da ake amfani da ita, kuma suna wani siririn gurnani. Yawancin mutane ba sa lura da ko ɗaya, amma a cikinmu akwai masu jin abin har cikin kai. Hasken taga da ƙaramar fitilar tebur sun wadatar. Mun roƙi kada kowa ya sa turare. Tun mako guda kafin zaman mun aika wa kowa hoton ƙofar shiga, hoton ɗakin, da tsarin abin da za a yi daki-daki. Ƙofa a buɗe take, mai son fita ba sai ya nemi izini ba.

Mun raba katin rataya wuya masu launi uku. Kore: a yi min magana, ina so, ko da ban fara ba. Rawaya: waɗanda na sani kaɗai. Ja: a bar ni tukuna. Wannan dabara daga masu otizim ta fito. Jim Sinclair da Donna Williams da Kathy Grant sun kafa ƙungiyar Autism Network International a 1992, kuma a taronsu na Autreat da aka fara a Amurka a 1996 irin wannan kati ya yi suna.

Wani bawan Allah mai gyaran kwamfuta ya rataya jan kati daga farko har aka tashi, bai ce uffan ba. Da dare ya aiko da dogon saƙo, ya bi duk abin da aka tattauna ɗaya bayan ɗaya, har da gyara a kan tsarin kujeru. Mun karɓi gyaran.

31 ga Agusta

Mun fara zana taswirar jiki. Abokiyar aikina ta kawo tsarin da Winnie Dunn ta fitar a 1997, wanda ke tambayar abu biyu: yaya ƙarfin abu zai kai kafin jikinka ya lura da shi, sannan idan ya lura, kana ɗaukar mataki ne ko kana zaune abin na cin ka? Daga nan ake samun mai neman ƙari, mai gudu, mai jurewa cikin wahala, da wanda abin ke wuce shi bai sani ba. A 2002 ita da Catana Brown sun fitar da takardar tambayoyi ta matasa da manya a kan wannan tsari. Ba mu bi ta hanyar ba da maki ba. Farar takarda muka ba kowa, ya rubuta kafar ji ɗaya a sama, ya jera abin da ke cutar da shi, abin da ke kwantar masa da hankali, da abin da ba ya lura da shi sam.

Bayan kafofin ji guda biyar da kowa ya sani, mun ƙara uku: jin daidaito da ke cikin kunne, jin inda gaɓoɓi suke ko da ido a rufe, da jin abin da ke faruwa a cikin jiki.

Abin da ya fito fili shi ne babu wanda ya zauna a gida ɗaya cikin gidaje huɗun nan na tsarin Dunn. Wata baiwar Allah mai ɗinki ba ta iya sa riga sai ta yanke ɗan ƙyallen tambarin da ke wuya, amma allura kan soke ta ba ta sani ba sai ta ga jini a yadi. Wani malami da ke cikinmu, idan aka shafe shi a hankali ji yake kamar ya fita daga fatarsa, amma bargo mai nauyi ke sa shi barci. Haka kuma abin da jiki ya ɗauka ranar da aka yi barci mai kyau ba shi zai ɗauka ba ranar da aka kwana ido biyu. Don haka mun ƙara layi a ƙasan kowace takarda: “Idan na gaji, wannan yana komawa haka.” A ganina layin nan ya fi duk sauran amfani.

14 ga Satumba

Yau muka taɓo inda gizo ke saƙa. Abokiyar aikina ta tambaya, “Yaya kowa yake ji yanzu?” Ɗakin ya yi tsit na tsawon lokaci, kuma ba kunya ba ce. Da yawanmu ba mu da amsar. Yunwa, ƙishirwa, cikar mara, bugun zuciya, zafi da sanyi, ciwo, duk saƙonni ne daga ciki, kuma ga mutane da dama masu otizim saƙon kan iso a makare, ko a cakuɗe, ko kuma da ƙarfin da ya wuce kima. Mai gyaran kwamfuta ya rubuta cewa ba ya sanin yana jin yunwa sai hannunsa ya fara rawa. Malamin ya ce fushi da gajiya da zazzaɓi duk iri ɗaya suke zo masa: nauyi a ƙirji.

Akwai wani yanayi mai alaƙa da wannan, aleksitimiya, wato wahalar gane abin da ke ranka da kiran sunansa. Likita Peter Sifneos ne ya bayyana shi a farkon shekarun 1970. Wani nazari da Emma Kinnaird da abokan aikinta suka fitar a 2019, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna kusan rabin masu otizim na da shi, yayin da a cikin waɗanda ba su da otizim abin bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne; babu wanda zai san jikina fiye da ni. Sai dai wani lokaci labarin yoyon kan iso wa mai ɗakin ne bayan ruwa ya gama shiga. Duk shawarar da ake ba mu ta “ka nemi hutu idan abin ya yi maka yawa” ta ginu ne a kan zaton muna sanin ya fara yawa tun da sauran lokaci. Idan ba ka sani ba sai ka kai bango, to koyon yadda ake roƙo ba zai amfane ka da komai ba. Wannan ya sa muka ɗage duk batun magana da likita da shugaba zuwa gaba, muka tsaya a nan.

Hanyar da muka ɗauka ita ce barin tambayar “yaya nake ji”, a koma ga abin da ake iya tabbatarwa. Kowa ya saita waya ta tuna masa a lokutan da ya zaɓa, sai ya duba: haƙorana a datse suke? Kafaɗuna sun ɗage? Bakina ya bushe? Yaushe rabona da ruwa? Yaushe rabona da banɗaki? Wata ɗaliba ta ce sa hankali a kan bugun zuciya ƙara mata fargaba yake yi. Ita sai muka nema mata alamomin waje: idan ta maimaita karanta layi ɗaya ba ta fahimta ba, ko ta ji safar ƙafarta ta fara damun ta, lokacin tashi ya yi. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ya lura da haka, kada a tilasta wa kowa kallon cikin jikinsa.

21 ga Satumba

An canza mana ɗaki ba shiri. Mun aika da hotunan sabon wurin da hanyar shiga. Wasu ba su zo ba, ba mu kuma bi su da kira ba. Rubutaccen bayanin zaman muka tura musu.

5 ga Oktoba

Sauti. Mun sa manhajar auna ƙara a waya, kowa ya auno wuraren da ke wahalar da shi. Hira ta yau da kullum na kaiwa kusan desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sautin yake yi. Kusan duk wuraren da aka auno ba su kai 85 ba. Wato a ma'aunin kare dodon kunne lafiya lau suke, amma mutum na fitowa daga cikinsu ba ya iya haɗa jimla. Ƙarfin sauti ɗaya ne kawai daga cikin matsalolin. Akwai muryoyi da yawa lokaci guda, inda kunne ba ya iya tace ta wanda ke gabanka daga ta wanda ke bayanka. Akwai ƙarar da ba ka san lokacin zuwanta ba. Akwai ƙaramin ƙas-ƙas na fanka da ba ya tsayawa.

An yi ja-in-ja a kan abin toshe kunne. Likitocin kunne na gargaɗin cewa toshe kunne yini guda, har a wurin da ba hayaniya, na iya sa kunnen ya ƙara saurin jin zafin sauti. Mai ɗinki ta ce ba don shi ba da ta bar aiki tuntuni. Duka biyun gaskiya ne. Mun tsaya a kan a sa shi inda aka san ana buƙata, a cire idan an samu wuri mai shiru, wanda kuma sauti ke yi wa ciwo na zahiri ya je a duba kunnen.

19 ga Oktoba

Zama mai nauyi. Mun yi maganar ɓad-da-kama: tilasta wa kai kallon ido, haddace gaisuwa da raha, danne jijjigar jiki, yin murmushi alhali hasken ɗaki na sara kai. Laura Hull da abokan aikinta sun tattara bayanan manya masu otizim a kan haka a 2017, kuma abin da aka fi ambata shi ne gajiya. A 2020 Dora Raymaker, wadda ita ma tana da otizim, ta jagoranci binciken da ya fayyace ƙarewar ƙarfin da ke biyo baya: gajiya mai kwantarwa da kan ɗauki wata uku ko fiye, rasa ƙwarewar da mutum yake da ita a da, da raguwar juriya ga sauti da haske. Da aka karanta wannan, malamin ya juya katinsa zuwa ja ya fita. Ya dawo bayan ɗan lokaci ya ce abin da ya same shi ke nan shekarun baya, kowa ya ɗauka lalaci ne.

Idan abu ya wuce iyaka, wasu ɓarkewa suke yi da kuka ko ihu, wasu kuma kullewa suke yi, jiki ya sandare, magana ta ɗauke. Kusan kowa a ɗakin ya san wannan ɗaukewar magana, har waɗanda a sauran lokuta bakinsu ba ya gajiya. Maganar na yankewa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Saboda haka duk abin da mutum zai so ya faɗa a wannan hali, sai an rubuta shi tun yana cikin natsuwa.

Kowa ya rubuta ƙaramin kati na aljihu. Na ɗalibar, da izininta, ga abin da ya ce: “Ina da otizim. Yanzu ba na iya magana, amma ina jin ku. Don Allah kada a taɓa ni, kada a taru a kaina. A kai ni wuri mai shiru, zan dawo daidai.” A baya akwai lambar wanda za a kira. Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim, don haka mai ita dole ya rubuta a katin, kada a ɗauki faɗuwarta a matsayin kullewa a ƙyale shi.

9 ga Nuwamba

Takardar asibiti. Mary Doherty, likita 'yar ƙasar Ailan mai otizim, ta jagoranci wani bincike da aka buga a 2022, inda kashi 80 cikin 100 na manya masu otizim suka ce zuwa ganin likita na ba su wahala, idan aka kwatanta da kashi 37 na waɗanda ba su da shi. Manyan dalilan sun haɗa da rashin sanin ko ciwon ya kai a je asibiti, wahalar kiran waya don neman lokaci, jin ba a fahimce su ba, da yanayin wurin jira. Dalili na farko shi ne dai abin da muka tsaya a kai a Satumba.

Shafi ɗaya muka ƙayyade, don ba likitan da zai karanta biyu. A ciki: yadda nake bayyana ciwo, a faɗa min kafin a taɓa ni, a yi tambaya ɗaya a jira amsa, a rubuta min yadda zan sha magani. Abokiyar aikina ta zama likita mai sauri, muka yi ta gwaji.

Sakamakon farko ya fara shigowa. Mai ɗinki ta miƙa tata. Ma'aikaciyar jinya ta karanta, ta bar ta ta jira a waje inda ba hayaniya, ta fito da kanta ta kira ta. Likitan bai duba takardar ba. Shi kuwa mai gyaran kwamfuta, yayansa ne ya raka shi, likita ya riƙa tambayar yayan kamar shi ba ya wurin. Ya ce ya ɗaga wayarsa ya nuna jimlar da ya shirya: “Likita, ni ne marar lafiyar, ni za ka tambaya. Ka ɗan ba ni lokaci, zan amsa.” Likitan ya juyo da kujerarsa. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai.

23 ga Nuwamba

Wurin aiki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a Disamba 2006 ta kuma fara aiki a Mayu 2008, ta ce ƙin yi wa mutum sassaucin da bai fi ƙarfin ma'aikata ba nau'i ne na wariya. Sashe na 27 ya yi magana a kan aiki. Amma yarjejeniya sai ta bi ta dokar kowace ƙasa kafin ta isa teburin ma'aikaci, kuma dokokin sun bambanta, aiwatar da su ya fi bambanta.

Kan mutane ya rabu a kan ko a faɗi sunan lalurar. Wasu sun ce sai an faɗa doka ke kare ka. Wasu sun ce daga ranar da ka faɗa, duk kuskurenka da shi za a auna. Ban goyi bayan kowane ɓangare ba, don kowa ya san wurin aikinsa. Mun dai shirya roƙo iri biyu, mai suna da marar suna. Marar sunan kamar haka: “Ranka ya daɗe, na fi yin aiki daidai idan aka rubuto min umarni. Ko za a riƙa turo min a saƙo?” Roƙo ɗaya, ƙarami, da dalilin da ya shafi aikin.

An matsar wa wani da teburinsa daga kusa da injin kwafe takardu a rana ɗaya. Wata kuwa ta nemi a bar ta ta sa abin toshe kunne, ta faɗi dalili, aka ƙi, kuma kafin mako ya ƙare maganar ta zagaye ofis. Ta zo zaman tana tambayar inda ta yi kuskure a lafazi. Babu kuskure a lafazinta, na karanta abin da ta rubuta. Raina ya ɓaci sosai, kuma ba zan yarda aikin nan ya koya wa mutane cewa duk ƙin da aka yi musu daga rashin iya roƙonsu ne ba. Mun taimaka mata ta ajiye kwafin saƙonnin da kwanakinsu, tana kuma neman shawarar masanin dokar aiki.

7 ga Disamba

Abin da ya sami wadda aka ƙi wa roƙo ne ya sa muka gayyato 'yan uwa, kowa ya zo da wanda ya zaɓa, wanda bai so ba kuma bai zo da kowa ba. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya mai otizim, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda muke wahalar karanta marasa otizim, haka suke wahalar karanta mu. A 2020 Catherine Crompton ta Jami'ar Edinbura ta gwada abin da mutum 72. An jera su takwas-takwas, ana ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, har zuwa na ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar yadda layin marasa shi zalla ya riƙe. A layin da aka cakuɗa ne labarin ya fi zubewa.

Ƙa'idar zaman ita ce baƙi su saurara tukuna. Mahaifiyar mai gyaran kwamfuta ta ce ita tun yana yaro ta ɗauka raini ne ke sa ya kau da kai idan tana magana. Ya rubuta a waya ya miƙa mata: “Umma, idan na kalli fuskarki ba na jin abin da kike faɗa. Kau da kan nan sauraro ne.” Ta karanta, ta nemi ya tura mata don ta ajiye.

Yayar ɗalibar ta so a sake rubuta katin ƙanwarta, wai ya yi tsauri, a cire “kada a taɓa ni”. Ɗalibar ta ce, “Yaya, haka nake so ya zauna.” Haka ya zauna.

11 ga Janairu, 2025

Inda aka kwana: kowa na da taswirarsa da katinsa, mafi yawa sun kammala takardar asibiti. Aikin lura da cikin jiki shi ne mafi jinkiri. Malamin ya ce yanzu yakan gane datsewar haƙoransa tun kafin nauyin ƙirji ya zo, ya kan fita ya sha iska tsakanin darasi da darasi. Wasu har yanzu sai waya ta tuna musu, kuma ba laifi idan haka abin ya dore. Maganar wadda aka ƙi wa roƙo tana nan ba a warware ba.

Babban giɓin da ya rage shi ne duk abin da muka gina ya dogara da karatu da rubutu. Manya masu otizim da ba sa magana, ko ba sa karatu, ko masu buƙatar mai kula da su dare da rana, ba su shigo ba tukuna, kuma su ne aka fi yanke wa hukunci ba tare da an tambaye su ba. Ƙungiyar ASAN ta masu otizim masu tsaya wa kansu, da Ari Ne'eman da Scott Robertson suka kafa a 2006 ta riƙi taken kada a yi komai a kanmu ba tare da mu ba, kuma “mu” ɗin ya haɗa da su. Daga watan gobe za mu gwada kati mai hotuna da saƙon murya da ake dannawa a waya. Iyalai biyu sun amince mu je gidajensu, tunda sabon wuri shi kansa nauyi ne. Mai ɗinki da malamin za su karɓi jagorancin zaman da aka saba, ni da abokiyar aikina mu koma kan wannan sabon ɓangare. Zama na gaba 25 ga wata, kuma mai gyaran kwamfuta zai kawo samfurin farko na saƙon muryar.